"Ɗaya-da-Ɗaya" Bai Wadatar ba: Tsokaci a Kan Hausar da Ake Bayyana Siffofin Aike a Lambobin Ƙirga da Ita a Yana

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya samo asali ne daga ziyarar duba aiwatar da manhaja da muka kai wasu makarantun sakandare a Yana, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shira, da kuma Azare, duk a ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi. Darasin Hausa ne ya kai mu. Sai dai da yake bincikenmu ya shafi keɓaɓɓun kalmomi, mun nemi izinin zama a darasin Ƙarin Lissafi, domin mu ji irin Hausar da ke fita daga bakin malami a lokacin da Ingilishi ya ƙi shiga kan ɗalibai.

A hukumance, Hausa ba ta da gurbi a wannan darasi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, ta keɓe wa harshen uwa shekarun farko na firamare ne kurum. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa abin zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. Duk da haka, wanda ya taɓa zama a aji a ƙasar Guddiri ya san yadda darasi ke gudana: malami ya rubuta ma'ana a allo da Ingilishi, ya karanta ta, ya dubi fuskokin yara, sannan ya ce "wato" ya shiga Hausa. Abin da ya biyo bayan wannan "wato" shi ne ɗalibi ke tafiya gida da shi, kuma da shi yake shiga jarrabawar WAEC da NECO. Wannan Hausa ba ta cikin kowace manhaja, babu kuma wanda ya tace ta. Littafin keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da lissafi da Hukumar NERDC ta fitar cikin harsunan Nijeriya tara ya tsaya ne a matakin firamare, shi kuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, wanda Dalhatu Muhammad ya tace, harshe da adabi ya fuskanta. Malamin lissafi na babbar sakandare shi kaɗai aka bari da alli a hannu.

Batu ɗaya za mu ɗauka, wato siffofi biyu na abin da za mu kira "aike". Ra'ayinmu shi ne Hausar da aka saba bayyana su da ita, tare da irin misalan da ake kawowa, suna cakuɗa abubuwa biyu da lissafi ya raba, kuma ba a gane ɓarnar sai an zo kan lambobin ƙirga.

2.0 Abin da Ake Son Ɗalibi ya Fahimta

Da "aike" muna nufin ƙa'idar da ke ɗaukar kowane abu daga wani rukuni ta tura shi wuri ɗaya tak a wani rukuni. Rukunin da aka fito shi ne "mafari", wanda aka nufa kuma "masauki". Wasu malamai kan ce "aiki", suna bin ma'anar yau da kullum ta kalmar Ingilishi, amma "aiki" bai nuna daga ina zuwa ina ba. Mun guji "aikau" domin masu nahawu sun riga sun mallake ta tare da "aikatau" da "karɓau". Lambobin ƙirga kuwa su ne 1, 2, 3, 4, har illa ma sha Allahu.

Siffa ta farko ita ce a ce abubuwa biyu mabambanta na mafari ba su taɓa sauka wuri ɗaya ba. Ta biyu ita ce a ce babu wani wuri a masauki da aka bari ba a sauka ba. Gungun masana lissafi na Faransa da suka yi rubutu da sunan Bourbaki ne suka yaɗa sunayen da duniya ke amfani da su, a shekarun 1950, wato injektif da sarjektif, da bijektif ga wanda ya haɗa biyun. Tushensu Latin ne, kuma ma'anarsu ta asali ita ce jefawa ciki da jefawa bisa. Waɗannan ne ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ke haɗuwa da su a littafinsa na Faransanci. Littattafanmu na Nijeriya sun fi riƙe tsofaffin kalmomin Ingilishi guda biyu, ɗaya mai nufin "ɗaya zuwa ɗaya", ɗaya kuma ƙaramar kalma ce mai nufin "bisa kan". Su ne malami ke juyawa zuwa Hausa kalma da kalma.

3.0 Illar "Ɗaya-da-Ɗaya"

A darasin da muka halarta a Yana, malamin, wanda ya san aikinsa kuma ya warware duk lissafin da ya rubuta daidai, ya bayyana siffa ta farko da cewa "kowa da nasa, ɗaya-da-ɗaya". Can gaba ya ce "ɗaya-ɗaya". Mun ji makamancin haka a Azare. Ga kunnen Bahaushe waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne, kuma babu wadda ta faɗi abin da ake nufi.

Maimaita lamba a Hausa rabo yake nunawa. Idan aka ce a ba baƙi goro ɗaya-ɗaya, ana nufin kowane baƙo ya sami ɗaya. To, wannan ai ma'anar aike ce ita kanta, ba siffarsa ba, domin kowane aike yana ba kowane abu na mafari wuri ɗaya. Abin da ke rufe kuskuren shi ne goro abin ci ne, wanda aka ba Malam Wane ba zai koma hannun wani ba. Amma a ce wa yara kowa ya faɗi lamba ɗaya-ɗaya, sai biyar daga cikinsu su ce bakwai, kuma babu wanda ya saɓa umarni. Haka abin yake a sunan rana: kowace yarinya tana da sunan rana ɗaya-ɗaya, amma a aji guda za a sami Ladi uku da Talatu huɗu. Ɗalibin da ya riƙe "ɗaya-ɗaya" zai ɗauka duk wani aike yana da siffa ta farko.

"Ɗaya-da-ɗaya" kuwa ta wuce gona da iri. Hoton da take kawowa shi ne na jera abubuwa biyu-biyu har su ƙare tare, kamar takalmi da ɗan'uwansa, ba saura a dama, ba saura a hagu. Wannan shi ne aiken da ya haɗa siffofin biyu. A nan ba za mu ɗora wa malami laifin duka ba, domin ruɗanin gādo ne daga Ingilishi, inda kalmar guda take nufin siffa ta farko idan an jingina ta da aike, ta kuma nufi siffofin biyu idan an jingina ta da daidaito. Ingilishi ya zo da ma'ana biyu, fassarar ta ƙara ta uku.

Siffa ta biyu ta fi shan wahala. "Bisa" da "a kan" wuri suke nunawa. Tsuntsu ɗaya ya sauka bisa bishiya, ɗari ma sun sauka bisa bishiya. Kalmar ba ta ce komai game da ko akwai reshen da ya rage ba. Ko a Ingilishin, masana lissafi ne suka ɗora wa kalmar wannan nauyi bisa yarjejeniya, mai magana a kasuwa bai san shi ba. Da aka juya ta zuwa Hausa sai yarjejeniyar ta faɗi a hanya, aka bar ɗalibi da fanko.

4.0 Illar Misalan

Da kalmomin kaɗai ne, da misali mai kyau ya gyara. Amma misalan ma suna da nasu ciwon, kuma a ganinmu shi ya fi tsanani.

Abin da aka saba shi ne a zana da'ira biyu a allo, a sa ɗigo uku ko huɗu a kowace, a ja kibiyoyi. Ko kuwa a ce ga ɗalibai huɗu ga kujeru huɗu. A duba wannan da kyau. Idan ɗalibai huɗu suka zauna a kujeru huɗu ba tare da biyu sun haɗu a kujera ɗaya ba, tilas kujerun su cika. Idan kuma kujerun sun cika, tilas ne ba a haɗu ba. Wannan ba dace ba ne. Ƙa'ida ce tabbatacciya ga duk rukuni biyu masu iyaka da adadinsu ya zo ɗaya, kuma reshe ce ta abin da Dirichlet ya yi amfani da shi a 1834 da sunan ƙa'idar aljihun teburi: in kaya sun fi aljihuna yawa, dole wani aljihu ya ɗauki fiye da ɗaya. Ke nan a irin wannan misali siffofin biyu ba su taɓa rabuwa. Yaron da ya ce abu ɗaya ne da suna biyu bai yi wauta ba, abin da aka nuna masa ya faɗa.

Adalci shi ne mu ce littattafan kan kawo zane mai ɗigo uku a hagu da huɗu a dama, inda wuri ɗaya ke saura. Wannan ya raba siffofin, amma ya dasa wani kuskuren: ɗalibi zai fahimci cewa saura na samuwa ne domin masauki ya fi mafari girma, karo kuma domin mafari ya fi masauki girma. Sai batun ya koma na ƙirga ɗigo. Muddin rukunan masu iyaka ne kuma an yi rabon da kyau, wannan fahimta za ta yi ta ba shi amsa daidai, shi ya sa take da wuyar tumɓukewa.

Lambobin ƙirga su ne ke fasa ƙwan. A ɗauki mafari da masauki duk su zama lambobin ƙirga, yadda babu mai cewa wani ya fi wani, sannan a ce f(n) = n + 1. Wato 1 ta tafi 2, 2 ta tafi 3, 3 ta tafi 4. Lambobi biyu ba za su haɗu ba, domin in a + 1 daidai yake da b + 1, to a daidai yake da b. Amma wa ya sauka a 1? Babu, tun da ba lambar ƙirgar da za a ƙara wa ɗaya ta ba da ɗaya. Ga siffa ta farko ba tare da ta biyu ba, alhali rukunin ɗaya ne. Da aka ba mu dama muka jefa wannan tambaya a ajin na Yana, wata ɗaliba ta ce ba zai yiwu ba, domin in kowa ya matsa gaba to na ƙarshe zai faɗo. Wannan ita ce amsa mafi daraja da muka ji a ranar. Ta yi tunanin benci, kuma a benci gaskiyarta ne. Abin da ya rage a gaya mata shi ne wannan bencin ba shi da ƙarshe, saboda haka babu na ƙarshen da zai faɗo, wurin farko kuma ya zama fili. Shi ne labarin masaukin baƙi maras iyakar ɗakuna da Hilbert ya kawo a laccarsa ta 1924, sai dai benci ya fi otal kusa da ɗan Yana.

Misali na biyu, f(n) = 2n, ya fi na farko ban mamaki, domin ba wuri ɗaya ya bari ba, duk lambobin mara ya tsallake, ya sauka a na cika kaɗai. Ga ɗalibin da bai saba da "cika" da "mara" ba, shafa'i da wuturi sun wadatar, ya san su daga salla. Akasin haka kuma: a tura 1 da 2 zuwa 1, 3 da 4 zuwa 2, 5 da 6 zuwa 3, haka har gaba. Kowace lamba a masauki ta sami baƙi, amma biyu-biyu. Ga siffa ta biyu ba tare da ta farko ba. Idan aka musanya 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6, an sami wanda ya haɗa biyun. Idan aka tura kowace lamba zuwa 7, an sami wanda ba shi da ko ɗaya. Misalai biyar ke nan da ba su buƙatar komai sai tarawa da ninkawa da rabawa biyu, abin da ɗan aji huɗu na firamare ya iya.

Malamin da ke son ya kai ga darasin juya aike yana da hanya a nan. A ninka lamba, sannan a bi da ita ta aiken nan mai haɗa biyu-biyu, sai a dawo inda aka fito: 5 ta zama 10, 10 ta koma 5. A sauya jerin kuwa, a fara da haɗawa sannan a ninka, sai 5 ta tafi 3, 3 ta tafi 6, an ɓace. Dalili shi ne da zarar 5 da 6 sun sauka wuri ɗaya, babu sauran mai iya sanin wace ce ta zo.

Kada masu tsara manhaja su ɗauki wannan a matsayin wasa ƙwaƙwalwa da za a bar wa jami'a. Galileo ya lura tun 1638 cewa kowace lamba tana da murabba'inta, wato abin da ke fita in an ninka ta da kanta, 1, 4, 9, 16, alhali yawancin lambobi ba murabba'ai ba ne, abin da ya sa ya yanke cewa "ya fi yawa" da "daidai" ba su aiki a kan abin da ba shi da iyaka. A 1888 Dedekind ya juya abin da ya ɗaure wa Galileo kai ya mai da shi ma'ana: rukuni maras iyaka shi ne wanda za a iya aika shi cikin kansa ba tare da haɗuwa ba kuma a bar saura. Shekara guda bayan haka, a 1889, Peano ya shimfiɗa ginshiƙan lambobin ƙirga, kuma biyu daga cikinsu abin da muka gani a benci ne: lambobi biyu ba su da magaji ɗaya, kuma 1 ba magajiyar kowa ba ce. Wanda ya raba siffofin nan biyu ya fahimci abin da ya sa ƙirga ba ta ƙarewa.

Misalin Galileo yana da wani amfani. Aiken murabba'i bai game lambobin ƙirga ba, amma in aka ce masaukinsa murabba'ai ne kaɗai, ya game. Haka kuma babu haɗuwa a cikinsa, amma in aka shigo da lambobin ƙasa da sifiri cikin mafari, 2 da takwararta ta ƙasa duk za su sauka a 4. Saboda haka tambayar da ba ta ambaci mafari da masauki ba ba ta da amsa, kuma mun ga irin waɗannan tambayoyi a littattafan rubutun ɗalibai.

5.0 Abin da Hausa ke da Shi

Abin takaici shi ne an tafi aro alhali kayan suna gida. Tun 1960 Parsons ya tsara aikatau na Hausa aji-aji, kuma an san ɗan aji huɗu da nuna ƙarewar abu gaba ɗaya. A kwatanta "ya sayi gero" da "ya saye gero", ko "ya ci" da "ya cinye", ko "ya sha" da "ya shanye". Bambancin da Ingilishi ya rasa har sai da masana suka ƙirƙira masa, Hausa tana yin sa da wasali ɗaya, kuma yaro ɗan shekara biyar ya san "an cinye" na nufin ba saura. Muna ba da shawarar a kira siffa ta biyu "aike mai gamewa", daga "game" irin ta "labari ya game gari". Siffa ta farko kuma "aike maras karo". Wanda ya haɗa biyun sai a bar masa "ɗaya-da-ɗaya", domin a nan ne kaɗai ta faɗi gaskiya.

Fa'idar waɗannan ita ce suna juyewa su zama tambaya: An yi karo? Ya game? Ga wanda ke son ma'ana tsayayya kuma, a tsaya a masauki a dubi kowane wuri. In baƙinsa ba su wuce ɗaya ba, babu karo. In aƙalla ɗaya ne, an game. "Ɗaya tak" kuma a ajiye ta ga mai tsayuwa a mafari, inda take bayyana aike kansa. "Bai wuce ɗaya ba", "aƙalla ɗaya" da "ɗaya tak" maganganu ne da ke bakin kowa.

Akwai kuma misali daga karatun allo, wanda yawancin yaran wannan yanki suka bi ta cikinsa. A lissafin abajada haruffa 28 ne, kowanne da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 10, sannan gomiya-gomiya, sannan ɗari-ɗari har 1000. Babu haruffa biyu masu lamba ɗaya, saboda haka ba karo. Amma 11 ba ta da harafi, saboda haka bai game ba. In aka koma ga jerin haruffa ana tara lambobinsu, sai abin ya juye: alif da ba sun ba da 3, jim shi kaɗai ma 3 ne, an yi karo, amma kowace lamba za ta samu ko da ta hanyar jera alif ne. Wani abokin aiki ya ba mu shawarar mu ƙara da hatimi mai gida tara, inda ake zuba 1 zuwa 9 kowane layi ya ba da 15, musamman da yake Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan irin waɗannan a 1732. Tarihin ya cancanci shiga manhaja, amma ba a wannan darasi ba: lambobi tara a gida tara ɗalibai huɗu ne a kujeru huɗu, ciwon da muke gudu ke nan.

Za a iya cewa jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, don haka sababbin kalmomi ƙarin kaya ne. Ba mu ce a share na Ingilishin daga allo ba. Abin da muke so a gyara shi ne abin da ke bin "wato", wanda ko an so ko ba a so za a faɗe shi. Za a kuma iya cewa a ari injektif da sarjektif a huta. Wannan ya fi fassarar da ake yi yanzu, domin kalmar da ba ta ce komai ba ta fi wadda ta faɗi kuskure, kuma zai kusanta mu da Nijar, wadda ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Amma aron ba ya ɗauke wa malami nauyin bayani, zai sake komawa ga "ɗaya-ɗaya" ne.

Namu kalmomin ma ba su kuɓuta ba. "Karo" tana da ma'anar "sau", kamar a "karo na biyu", "maras" kuma a saurin magana takan zama "mara", ta yi kama da sunan lambar wuturi a darasin da duk biyun ke fitowa. Ya kamata a gwada su a bakin masu koyon aikin malanta, irin na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, kafin a buga su a jagoran malami. Kuma duk wanda zai rubuta jagoran ya fara yanke ko lambobin ƙirga daga 1 suka fara ko daga sifiri, ya rubuta hakan a shafin farko, domin littattafai sun saɓa, kuma wurin da f(n) = n + 1 ke bari fili ya dogara ne a kan wannan zaɓi.